Shatin Yatsu a Hannun Lubna

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Debby ce ke rubuta min, nas ɗin da ke maƙwabtaka da mu, ni ban san biro ba. Na ce ta riƙe bakinta. Sati uku ke nan ina gidan jikata Lubna a Manawashi, jinyar ƙafa. Yau Lubna tana miƙo min kunu na ga shatin yatsu a wuyan hannunta. Huɗu. Na san shatin nan. Shekara goma sha ɗaya ina ɓoye irinsa a gidan mijina na fari.

Laraba, 8 ga Mayu
Bayan azahar mijinta Safiyanu ya dawo daga gareji, suka shige ɗaki. Sai na ji rim! Kujera ta faɗi. Haki, kokawa. Ta ce "sake ni," bai sake ba. Na kasa tashi. Da ya fito har durƙusawa ya yi, "Iya, ya ƙafar?" Nawa mijin ma haka yake, ladabi a waje.

Alhamis, 9 ga Mayu
Ban iya cin komai ba.

Juma'a, 10 ga Mayu
Na aika a kira min Bobbo, kawunta, shi ya ba da aurenta. Zai zo jibi. Na ƙulle mata kaya a zani na tura ƙarƙashin gadona. In Bobbo ya ga hannun nan aure ya mutu, na san halinsa. Ya mutu mana. Ba zan zauna a fito min da ita a makara ba.

Asabar, 11 ga Mayu
Tana shara ta ga ƙullin.
"Iya, wa zai yi yaji?"
Na faɗa mata duka. Ta rufe fuska, na ɗauka kuka ne, ashe dariya. Da ta ji sunan Bobbo dariyar ta ɗauke.
Wai wasansu ne. Wai ita take so, ita ma ke fara cafkarsa.
Na ce to "sake ni" da na ji da kunnena fa?
"Cikin wasan ne. In da gaske nake, ƙasa nake bugawa sau uku, nan take ya cika ni. Bai taɓa wucewa ba. Ki ga bayansa ma, duk yakushina ne."
Na ce ke 'yar nan ba ki da kunya.
"Ke kika tambaya, tsohuwa. Yanzu me zan ce wa Kawu? Wannan magana ba ta faɗuwa a gabansa."
Ni ma na sha yi wa uwata ƙarya, in ce faɗuwa na yi. Amma ban taɓa kallon idonta ina faɗa ba. Ita ta kalle ni. To in ƙarya ce fa, Debby? In na yi shiru ya karya ta?

Lahadi, 12 ga Mayu
Bobbo ya zo tun daga Bolari. Ya zauna, ya ce, "Iya, lafiya?"
Lubna na bakin ƙofa, hannu cikin hijabi.
Na ce ƙafar ce, a canja min likita.
"Don wannan kika taso ni?" Ya sha ruwa ya tafi yana mita.

Talata, 14 ga Mayu
Ban ce na yarda ba. Na dai fasa komawa ƙauye, ina nan kunnena a buɗe. Na ce mata ranar da ta buga ƙasa bai cika ta ba, ta zo min ko ba takalmi. Ta ce to.
Ashe ana cewa tsaya, namiji ya tsaya. Ni ba wanda ya taɓa... a'a, kar ki rubuta wannan.
Na gaji, Debby. Rufe littafin.