Mai Danna Maɓalli

Litinin, 4 ga Maris
Kamfanin Lindeque, masu ƙera ogan, wato babban abin kiɗan coci mai bututu da maɓallai, ya cika shekara ɗari. Madalla da wannan babban gida! Kakan mijina ya sauka Cape Town daga jirgin ruwa da akwatin guduma, ya cika ƙauyukan Karoo da bututun kiɗa. Uban mijina ya yi ta gyara abin da tsohon ya ƙera. Mu kuma yanzu kwancewa muke yi idan an mai da coci gidan abinci. Ci gaba ke nan.

Alhamis, 7 ga Maris
'Yata Marlize, wadda ke riƙe da kamfanin tun rasuwar mijina Casper bara, ta sayo na'ura. Ana ɗora ta kan maɓallai, tana dannawa daga waya. Wato aikina.

Tun da Casper ya ɗauko ni daga teburin kifi a kasuwa abin da nake yi ke nan. Shi yana can cikin cikin ogan yana saita muryar bututu, ni ina ƙasa na danne maɓalli ɗaya har sai ya yi ihu, "Gaba!" Aikin da ko dutse zai iya. Na sha gaya masa haka.

"Mama, ai kin huta," in ji Marlize.

Na ce na gode.

Asabar, 9 ga Maris
Sun tafi Karoo, ita da na'urarta. Na dafa shinkafar mutum biyu. Mantuwa.

Asabar, 16 ga Maris
Walimar shekara ɗari. An yabi kaka, an yabi uba, an yabi Casper, har na'ura an tafa mata. Ni aka ba ni fure.

Tsoho Fortuin ya zo, abokin gabarmu a sana'a, wanda ya ƙwace mana coci-coci fiye da yadda zan iya tunawa. Ya cinye rabin soyayyen kifin.

"Uwargida, an ce an sallame ki."

"Tsohon ɓarawo, wa ya gayyace ka?"

"Ƙamshi." Sai ya rage murya. Wai tun da matarsa ta rasu ba shi da mai danna masa, ga bikin Ista ya matso, waya kuma ba ya ganin rubutunta. Na ce ya je ya nemi dutse.

Lahadi, 17 ga Maris
Marlize ta kira. Na'urar ba ta kuskure, ba ta neman shayi, ba ta gardama. Na so a ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau.

Alhamis, 21 ga Maris
Yau ban yi magana da kowa ba sai mai kawo burodi, shi ma sauri yake yi.

Laraba, 27 ga Maris
Na je wurin Fortuin ne kawai in ga yadda yake ɓata aiki, don in ba Marlize labari. Cocin sanyi kamar firji. Ya haye ciki yana nishi, na zauna na danna.

Ba ya cewa "Gaba." Cewa yake, "In kin ga dama, uwargida." Kowane bututu! Muka kai la'asar. Na gaya masa kunnensa ya mutu, ya ce bakina ne ya kashe shi. Rabon da in yi faɗa mai daɗi haka tun Casper.

Gobe akwai wani cocin a Paarl. Ban ce zan je ba, na dai goge rigar sanyina. Marlize ban gaya mata ba tukuna.

Kamfanin da ya shekara ɗari, yatsan tsohuwa ɗaya ne zai rusa shi?