Na sayar da shanun Yayata, ita kuwa tana jiran su dawo

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Ni malamin makaranta ne a Filingué. Da mahaifiyarmu ta rasu, shanunta bakwai suka faɗa rabon Yayata, wadda ke aure a wani ƙauye kusa da Tabla. Duk tsatson jar saniya guda ne, wadda Inna ta zo da ita gidan aure. Yaya ta damƙa mini amanarsu, ni nake kai wa makiyayi gishiri da dusa can wajen Bonkoukou, ni nake kawo mata labari. A lokacin na kamu da karance-karancen hannun jari: ka nemi kamfani mai inganci, ka saya, ka manta da shi shekaru. Na ce a raina, saniya fari ɗaya ya ishe ta, kamfanin waya fa wa ya taɓa ganin ya mutu da ƙishirwa? Ranar wata kasuwar Baleyara na kora su duka na sayar, na zuba kuɗin a kamfanin waya da banki da na siminti, da sunanta. Ban ci ko dala ba. Ban kuma gaya mata ba.

Shekara takwas ke nan. Abin kunyar shi ne lissafina ya yi daidai, jarin ya haihu fiye da yadda shanu za su haihu. Shekarar da dabbobin mutane suka yi ta faɗuwa, na ce mata nata sun tsira, ta yi sadakar fura. Kowace Sallah nakan sayi man shanu a kasuwa in kai mata, ta shinshina ta kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan, ta ce, "Mushe, wanga ƙamshi na shanun Inna na, ko cikin duhu ina gane shi." Sai in ce haka ne, Yaya. Da farko ƙirjina kan buga, yanzu ba na jin komai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Watan jiya matata ta haifi mace, muka sa mata sunan Inna. Bayan suna Yaya ta ja ni gefe ta ce, "In anka gama girbin hatci ka sa a kawo su gonata su ci kara su bar min taki. Akwai karsana ja cikinsu ko?" Na ce akwai. Ta ce, "To ta ɗiyarka ta. Saniyar Inna ta koma ma Inna." Tana dariya, ni ina kallon tabarma. Ko hawaye ban yi ba.

An fara yankan gero. Ta hana kowa kwashe kara daga gonarta, ta sa mijinta ya kafa turaku. Yau ɗin nan zan iya sayar da jarin in sayo mata garken da ya fi na da, da jar karsana a ciki. Idonta ya yi rauni, za ta shafa bayanta ta kira sunan Inna, ba za ta taɓa ganewa ba. Ko kuma in kai mata takardar banki, wadda ba ta iya karantawa, in ce ga abin da ya rage na mahaifiyarmu. Wanne ne bai zama cin amana na biyu ba?

Ni dai na kasa jin tsoro, na kasa jin nadama yadda ya kamata, kwanaki kawai nake ƙirgawa. Jama'a, me zan yi?