Katangar da na miƙe

Baba,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ta fara takawa?

Ni lafiya lau, aiki ma da godiya. Har yanzu ina cikin masu gyaran tafintan nan da ke mayar da rubutun masu haɗa manhaja abin da kwamfuta ke ganewa, da rumbun kayan aikinsa da kowa ke ɗiba. Gyaran kaɗan-kaɗan ne, kamar yaɓe.

Sai dai wancan makon na tarar da kuskure a lissafin kwanaki, shekara tara ke nan yana rage kwana ɗaya. Layi guda na canza, aka yaba mini, aka saki sabuwar fitowar manhajar. Ashe mutane sun daɗe da sanin kuskuren, kowa yana ƙara kwana ɗaya da kansa. Yanzu lissafinsu ya zarce. Jiya wani mai manhajar asibiti ya rubuto cewa ranakun allurar marasa lafiya sun goce. Sunana ne a jikin gyaran. Shugabarmu ta wuce teburina ba murmushi, ta ce, "Litinin za mu zauna." Takardar izinin zamana a ƙasar nan kuwa a aikin nan take rataye.

Kada ka gaya wa Inna. Ina cin abinci, wallahi.

Na tuna katangar zauren da ka ƙi miƙewa, ka ce rufin ya saba da karkatarta. Na yi maka dariya ranar. Baba, da me magini yake gane wadda ba a taɓawa? Ka amsa mini kafin Litinin, ka sa ni a addu'a.

Autarka