Zakaran Da Ba Ya Cara

Zuwa ga aminiyata, matar tela,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da maigida da 'yan biyu kuna lafiya. A kalmasar wandon ɗana Auta na ɗinke wannan takarda, kina gama karantawa ki jefa ta murhu.

Shekaranjiya sojoji suka kwashe samarin layinmu, har da ɗan mai gyaran rediyo da ko gemu bai fara ba. Auta ya tsira ne don yana bayan gida. Tun ranar, mota na tsayawa sai in tura shi ƙarƙashin gado. An ce hayin gada da sauƙi, shi ya sa na turo miki shi. Da muna katanga ɗaya, kwanona bai taɓa dawowa daga gidanki wayam ba. Yau ga amanar da ta fi ta kwano.

Direban tankar ruwa zai riƙa kai mana saƙo, amma masu tsaron gada suna buɗe kowace takarda. Kada sunan yaron ya fito. Ki ce "zakara", kamar kyauta na aiko miki. Kada kuma ki gaya wa mijinki wannan kalma, mutumin kirki ne amma bakinsa rariya. Ki dai hana shi ambaton yaron. Auta ba ya cin albasa, tsince ta yake yana turawa gefen kwano, ki yi haƙuri da shi.

Ki gaida kowa.
Taki, mai saƙa

Yayata,

Wa alaikumus salam. Kyauta ta iso lafiya, Allah ya saka da alheri. Kai, wannan zakara da ci yake, kamar gara! Na sa shi a ɗakin da maigida ke tara buhunan ƙyallaye, na hana shi cara.

Nan ma babu sauƙin da kike zato. Jiya harsashi ya huda tankin maƙwabta, muka wuni a ƙarƙashin teburin yanka. Ga kwanonki da kika haɗo da kyautar, na sa sabulu ɗaya da ɗan gishiri, kada ki raina.

Ki kwantar da hankalinki.
Ƙanwarki

Zuwa ga Yaya mai daraja,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ni ne tela. Ƙanwarki ta ce in sanar da ke muna raye, don ita ba ta iya riƙe biro. Tana suya sojoji suka banke ƙofa, mai ya kwaro mata a hannun dama.

Sun birkice gidan kaf, har keken ɗinkina suka kifar. Suna dosar ɗakin ƙyallaye sai zakaran nan ya yi fitar burgu, suka bi shi da gudu suka danne. Ƙanwarki ta durƙusa tana roƙo, 'yan biyu na ihu, ko a jikinsu. A tsakar gida suka yanka shi suka tafi da shi. Na goge simintin har na gaji, jinin bai fita ba. Asara ce, amma abin da ya faru ya faru.

Ga zare ƙulli biyu a kwano.

Wassalam.
Naki, tela

Ƙanwata,

Ban iya gaisuwa ba yau. Wane zakara?

Direba ya miƙo min takarda na karanta a tsaye, sai farkawa na yi maƙwabta na yayyafa min ruwa. Suna ta tambaya me ya faru, na ce kaza aka yanka, suna kallona kamar na zare. Ba ni da ikon yin kuka da sunan abin da nake wa kuka. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji. Na ɗauki saƙar rigar sanyin da na fara, na sake ajiye ta.

Ban zarge ki ba. Amma ki faɗa min da hannunki, ko da na hagu ne. In tanka ta dawo babu amsa, zan tako gadar nan da ƙafata, su harbe ni in sun so. Kwano ya zo miki wayam, ki yafe min, na rasa abin da zan saka.

Yayarki

Yayata,

Salamu alaikum. Da hagu nake rubutu, ki yi haƙuri da karkatarsa.

Jan zakaranmu ne, na gida, wanda maigida ke ji da shi. Ni na sa ƙafa na ture kwandon da ya kife shi da shi, roƙon ma na ganin ido ne. Maigida bai san abin da ya rubuta miki ba, ya sha faɗa.

Naki yana nan, ba ya cara. Na buɗe kwanon da kika ce wayam yake, na ba shi abinci a ciki. Ga shi na maido ban wanke ba. Duba gefensa, za ki ga albasa.

Ƙanwarki