Ranar Ruwanmu da Laccar Yaya Hashimu

Bunkure, Jihar Kano,
18 ga Maris, 2007.

Zuwa ga yayata, Hajiya Saude,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara da duk 'yan'uwa na nan Kumasi. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Gwiwar Iya ta yi sauƙi sosai tun da ta yarda ta riƙa shafa maganin da kika aiko, ko da yake har yanzu cewa take yi addu'a ce ta yi aiki, maganin rakiya kawai ya yi. Baba yana nan yadda kika bar shi, da asuba yana gona, da yamma yana gyara wa mai karanta labarai a rediyo maganarsa. Matata Kubra da yara duk ƙalau. Zafi ya shigo, ruwan kanal ya ja baya, har an mai da mu ban-ruwa sau ɗaya a mako. Na so in kira ki, to amma kin san wayar Kumasi, kafin a gama gaisuwa kati ya ƙare, labarin da nake tafe da shi kuwa ba na gutsurewa ba ne.

Albishirinki, Yaya Hashimu ya yi laccarsa ta zama farfesa ranar Alhamis da ta wuce. Tun bara aka ba shi muƙamin, amma a al'adar jami'a sai mutum ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai, sannan ake cewa ya cika. Ke kin fi ni sanin farkon tafiyar, don ke kika riƙa ɗaura masa ƙanzo da ƙuli-ƙuli a tsumma lokacin da yake sakandare. Ya shiga jami'a a Kano ya karanta Hausa, ya sake komawa digiri na biyu, ya tafi Jamus shekara huɗu ya dawo da digirin dakta da ƙaton tabarau. Tun daga nan yake koyarwa, ya rubuta littattafai uku, ya je Yamai ya koyar shekara guda, ɗalibansa ma wasu yanzu malamai ne a jami'o'i. Fanninsa shi ne ƙirar kalma. Na taɓa tambayarsa mene ne wannan ɗin, ya ce in ɗauki kalmar noma, in dubi manomi da manomiya da manoma, duk saiwarsu ɗaya, abin da aka ɗafa musu a goshi ko a ƙeya ne ya raba su, to shi aikinsa bin diddigin yadda harshe yake ƙera kalmominsa. Na ce masa ashe dai bai bar noma ba, ya dai guje wa fartanya ne.

Abin da ya daɗe yana cin Yaya a rai kin san shi. Baba bai taɓa ɗaukar wannan abu aiki ba. A wurinsa mutumin da ya tsotsi Hausa a nono, ya kuma haye jirgi ya je ƙasar Turawa don a koya masa ita, akwai abin da yake damunsa. Shekara ashirin da takwas ke nan, tun da Yaya ya shiga jami'a, Baba ya ware ekar nan ta bakin mangwaro ya sa mata suna gonar Hashimu, yana jiran ranar da zai gaji da wasa da takarda ya dawo. Kullum maganarsa ita ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ni nake nome ta, ni nake ba ta ruwa, ni nake kai tumatirinta kasuwar Kwanar Gafan, amma ko da wasa ban isa in kira ta tawa ba. Duk sallar da Yaya ya zo, sai Baba ya kai shi bakinta ya nuna masa, ya tambaye shi yaushe zai gama makarantar nan. Yaya yakan yi dariya, amma ni da nake raka shi mota na san dariyar ba ta kai ciki ba.

Da katin gayyata ya zo, sai muka ga ranar ta faɗa Alhamis, Alhamis kuwa ita ce ranar ruwanmu. Bari in tuna miki yadda abin yake, don kin daɗe rabonki da gona. Ƙaramar hanyar ruwa ɗaya ce take shayar da mu da maƙwabcinmu Malam Isiyaku, shi a sama, mu a ƙasa. Shi yake fara sha daga safe zuwa kiran azahar, sannan ya cire toshiya ruwa ya gangaro mana zuwa yamma. Fiye da shekara ashirin Baba da Malam Isiyaku suna faɗa a kan wannan toshiyar. Baba yakan je ya zauna a bakinta tun hantsi, kunne a masallaci, ladan na cewa Allahu Akbar yana miƙewa. Ga tumatirinmu na biyu yana tsakiyar fure, in ya rasa ruwan mako guda a zafin nan furen zubewa zai yi. Baba ya juya katin gaba da baya, ya yaba kyan takardar, ya ce a gaya wa Hashimu Allah Ya sanya alheri, amma shi bai taɓa barin ruwansa ya tafi biki ba.

Yaya da kansa ya zo ranar Asabar ya durƙusa ya roƙe shi. Na ce ni zan tsaya wa ruwan, ai ba yau na fara ba. Baba ya ce ban-ruwa dai na iya, amma in azahar ta yi Isiyaku ya ce a ƙara masa ɗan lokaci, da wane baki zan musa wa sa'an ubana? Gaskiya kuma ya faɗa, ba zan iya ba. Yaya ya miƙe ya yi sallama. Da na raka shi, ya daɗe riƙe da ƙofar mota, sannan ya ce min an tanadi kujeru biyu a sahun gaba, na Baba da Iya, kuma da a ce zai iya zaɓa, da ya yarda zauren ya zama wayam in dai Baba yana zaune a ciki. Wallahi Yaya Saude, mutum mai furfura a gemu, amma a lokacin sai na ga kamar ɗan firamare ne da ya kawo sakamako gida ba a duba ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yini ban yi wa Baba doguwar magana ba.

Ranar kasuwar Bunkure ne asiri ya tonu. Na biya wurin tela karɓar ɗinkin Kubra, sai na ga manyan riguna biyu na shadda a rataye, an gama musu aiki. Tela, da yake bakinsa ba ya riƙe magana, ya ce ɗaya ta Baba ce, ya kawo yadin tun mako uku da suka wuce ya ce kada a gaya wa kowa a gida. Ɗayar kuma ta Malam Isiyaku ce, shi ma da irin wannan gargaɗin. Ashe shi ma Yaya ya aika masa da kati, kuma shi ma yana ta gaya wa mutane ba zai je ba, don in ya juya baya Baballe, wato Baba, zai cire toshiya tun da safe ya shanye masa ruwa. Kowa yana son zuwa, kowa ya ɗinka riga, kowa kuma yana gadin ɗan'uwansa. Na dawo na kwashe duka na gaya wa Iya. Ta yi dariya har da riƙe gwiwa, sannan ta ce abu mai sauƙi, a zuba su a mota ɗaya, kujera ɗaya, kowa ya tsare ɓarawonsa a can Kano, ni kuma in ba gonakin biyu ruwa. Ita ta aika wa matar Malam Isiyaku, matan suka gama magana a tsakaninsu, mazan suka wayi gari kowa yana cewa shi dama saboda ɗayan ne ya haƙura zai je.

Kin ga ke nan ni ban je ba. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi min ciwo, don ni ma na wanke hulata na ajiye. Amma in ban tsaya ba Baba ba zai tafi ba, kuma ba don ni aka ajiye kujerar gaba ba. Da safe motar da Yaya ya aiko ta zo. Malam Isiyaku ya leƙo ta taga ya jaddada min cewa gonarsa ce farko, Baba ya leƙo ta ɗaya tagar ya ce in kasa kunne da ladan. Suka tafi kafaɗa da kafaɗa, kowa ya kau da kai, Iya da Kubra a baya suna ƙunshe dariya. Na naɗe wando na shiga ruwa. Ban taɓa ganin Alhamis mai shiru irin wannan a gonar nan ba.

Abin da ya faru a zauren, daga bakin mutum uku na ji shi, na tace na Malam Isiyaku don shi yakan ƙara gishiri. Kubra ta ce zauren ya cika har waje, manyan malamai sun shigo a jere cikin dogayen riguna masu ja, aka karanto tarihin Yaya tun daga firamaren Bunkure. Ya fara da Turanci, can sai ya juya Hausa, ya ce yana neman afuwar iyayensa maza biyu da suke sahun gaba, Baba da Malam Isiyaku, don zai sa wa jama'a muryarsu. Kin tuna lokacin da yake digiri na biyu, yakan zauna a gindin mangwaro da 'yar rikoda, Baba yana cewa ga malalaci can yana jin waƙa mutane suna aiki? Ashe faɗansu yake ɗauka. Sai ga muryar Baba ta shekara goma sha tara da suka wuce ta cika zauren, yana yi wa Malam Isiyaku tas a kan toshiya, shi kuma yana ramawa. Iya ta ce ta ja mayafi ta rufe fuska, jama'a kuwa dariya har da masu share hawaye. Da aka kashe kaset ɗin, Yaya ya ce daga faɗan nan guda ɗaya ya tsinci kalmomi fiye da ɗari masu ƙirar da babu littafin da ya taɓa bayaninta, a kansu ya gina babi mafi ƙarfi a kundin digirinsa na dakta, kuma har yau ana sa wa ɗalibai kaset ɗin a Jamus. Ya ce malamai da yawa sun koya masa yadda ake rarraba kalma, amma kalmomin kansu daga bakin waɗannan dattawa ya same su, ya roƙi su miƙe a gan su. Zauren gaba ɗaya ya tashi tsaye ana tafi. Malam Isiyaku ya ɗaga hannu biyu kamar mai neman ƙuri'a. Baba kuwa, in ji Kubra, ya tsaya ƙyam, da suka zauna ya raɗa wa Malam Isiyaku cewa ko a kaset ɗin ma kowa ya ji wanda yake da gaskiya.

Da la'asar sakaliya ina kan kunya ta ƙarshe, sai ga mota ta biyo hanyar gona, ba su ma biya gida ba. Baba ya cire takalmi, ya tattare sabuwar rigarsa a kafaɗa, ya bi kunya-kunya yana soka yatsa a ƙasa. Malam Isiyaku ma ya zaga tasa, ya dawo ya ce ruwa ya kai har kusurwar da shi kansa takan gagare shi. Baba bai yaba ba, bai kuma kushe ba, kin san wannan a wurinsa babban yabo ne. Sai ya je ya tsaya a bakin gonar Hashimu, ya kira mu mu biyu, ni da Yaya da ya rako su, ya ce Isiyaku ya matso ya zama shaida. Ya ce shi bai ajiye gonar nan don raina karatu ba, tsoro yake ji kada takarda ta yashe da ɗansa wata rana ya dawo ba shi da inda zai dafa. Ya ce yau ya je ya gani da idonsa, yaron nan yana da tasa gonar a inda ya tafi, kuma ya nome ta da kyau, saboda haka ya daina jiransa. Ya dube ni ya ce daga yau ekar nan ta Sagiru ce, kyauta, don guminsa ne a cikinta. Yaya ya durƙusa a cikin taɓo da fararen kayansa, ya fashe da kuka. Baba ya ɗora masa hannu a ka ya ce Allah Ya yi wa Malam Hashimu albarka. Ban taɓa jin ya kira shi Malam ba sai ranar. Ni ma ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba, ga hannuna duk laka, na rasa abin sharewa.

Baba ne ya ce lallai in rubuto miki da hannuna, don ke ce babba, bai kamata ki ji maganar gonar a bakin wani ba, kuma yana so ya ji kin yarda da zuciya ɗaya. Ni ma abin da nake roƙo ke nan, Yaya Saude. In akwai wani abu a ranki ki faɗa min kai tsaye, zumuncinmu ya fi min eka goma.

Ki miƙa gaisuwata ga Alhaji Abdulsamad, Allah Ya ƙara buɗi a kasuwa. Ki gai da Khaulat da Ni'imatullahi, ki ce musu kawunsu farfesa ya ce su dage da karatu, kawunsu manomi kuma ya ce su zo hutu su ci tumatir. Iya tana gaishe ki, ta ce turaren da kika yi alkawari ba ta manta ba. Baba da Kubra da yara duk suna gaisuwa, haka ma Malam Isiyaku. Ki sa ni a addu'a ranar Alhamis mai zuwa, don ranar zan ba gonar nan ruwa karo na farko da sunana.

Wassalam. Naki har kullum,
ƙaninki,
Sagiru Baballe.