Na'urar da Kaka Ta Rufe a Kwalla

Assalamu alaikum Yaya Bintu,

Ya Maiduguri, ya maigida da yara? Ƙibar tana nan?

Mu dai ba daɗi. Likitoci sun ajiye na'ura a ɗakin Kaka inda yara ke kwana, na'urar tana zuƙar iska don gano yadda murar 'yan makaranta ke yaɗuwa. Da tsokanata na ce mata gulma take naɗa, sai ta rufe ta a kwallar turarenta.

Autarmu Ummi ta kwaso mura ta shafa wa Kaka. Kwanan tsohuwar biyar a asibiti, numfashi da ƙyar. Likitocin sun duba na'urar, ba ta kama komai ba.

Jiya Kaka ta riƙe hannuna ta ce, "Ja'iri, abin nan bai ji ni ba ko?" Na kasa dariya.

Ki sa ta a addu'a, ni ma ki roƙa min gafara. Gai da kowa.

Ƙaninki Sani, Yakasai