Ko Dariya Ba Na Iya Yi

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Tun da na haifi ɗana na uku, bayan doguwar naƙuda, jikina bai koma daidai ba. In na yi tari, ko atishawa, ko dariya, sai fitsari ya kufce mini. Da yamma kuma sai in ji wani abu ya sauko ta gabana kamar zai faɗo.

A gidan burodi nake aiki. Ni ke kwaɓa fulawa, buhu ma ni ke jawo abina. Ban gama warwarewa ba na koma, don kada a ba wata gurbina. Yanzu baƙaƙen kaya kawai nake sawa, ruwa kuwa ba na sha sai an tashi, ga zafin tanda.

Amma abin da ya fi ci mini rai maigidana ne. Mutum ne mai barkwanci, da shi ma ya sace zuciyata. Yanzu da ya fara sai in ɗaure fuska, in matse ƙafafu, ko in tashi in bar masa ɗakin. Shimfiɗa ma kullum da uzurin da nake kawowa. Ya tambaya har ya gaji, ya je wurin yayata, wai ko wani laifi ya yi mini. Yanzu shiru yake shigowa, ya ci abinci, ya kama wayarsa. Ni na kashe masa baki, na sani. In na faɗa, ina tsoron ya ƙyamace ni. In na yi shiru, ga aurena yana sanyi ina kallo. Ina zan sa kaina?

Mai kwaɓa fulawa

'Yar'uwa, sannu. Wannan ba ƙazanta ba ce, rauni ne. A ƙasan mara akwai tsokoki da jijiyoyin da ke riƙe mafitsara da mahaifa. Naƙuda kan sassauta su ko ta yaga su, ɗaukar nauyi kuma ya ƙara ɓarna. Mata da yawa na fama da shi, kowace tana zaton ita kaɗai ce.

Ki je wurin likitan mata, kada ki rage masa komai. Akwai atisayen matse tsokar wurin, akwai zoben da ake sawa ya tallafi mahaifa, wasu kuma sai an yi tiyata. Buhu ki nemi a kama miki. Ki koma shan ruwa, don ƙishirwa na kawo taurin bayan gida, yunƙuri kuwa ba ya yi wa ciwonki kyau.

Na fahimci tsoronki, ba kowane namiji ke karɓar irin wannan magana hannu biyu ba. Amma mutumin da ya taka har wurin yayarki yana neman laifin kansa bai yi kama da mai gudu ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, ciwon nan ma wajen haifa masa ɗa kika same shi. Ki zaunar da shi ki gaya masa. In bakinki ya yi nauyi, ku je asibitin tare, likita ya yi bayani. Yanzu haka yana can yana hukunta kansa kan laifin da bai yi ba, kuma ke kaɗai za ki iya wanke shi.

Allah ya ba ki lafiya, ya raya muku yaran.